Ranar da Gidanmu Bai Yi Hayaƙi Ba

Ni dai malamin shanu ne. Abin da aka koya mini ke nan, da shi na ci abinci har na ajiye aiki, kuma har gobe in ka nuna mini saniya daga nesa zan gaya maka abin da ke damunta. Amma a garinmu ba wanda ya taɓa kirana da wannan suna. Likitan kyanwa suke ce mini, har jikokin waɗanda suka laƙaba mini sunan, yaran da ba su ma san dalili ba. To bari in faɗi dalilin da bakina, tunda masu ba da labarin sun cika ƙarin gishiri.

Lokacin Turawa na nan, sai dai an fara maganar za su tafi. Ban daɗe da kama aiki ba, an ba ni keke da wandon kaki da akwatin allura, ina bin Baturen dabbobi muna yi wa shanu rigakafi daga wajen Dawakin Tofa har Kunci. Ranar Alhamis nakan taka keke in je gida in kwana biyu. Ƙauyenmu irin wanda gona ke zuwa har bakin danga ne, gida na kallon gida ta tsakanin karan dawa. In an soya albasa a gidanku, gida bakwai sun san yau da baƙo.

A gidan akwai kakata, uwar babana, muna ce mata Iya. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, kuma ba ta taɓa raga mini ba. Maigida take kirana, ta ce tun da take ba ta ga mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai ni. Ni kuma in ce na sake ta tun bara, takardar ce ba ta iso ba.

Iya tana da kyanwa. Asali ta kakana ce. Shi ya tsinto ta a gindin rumbu tana 'yar mitsitsiya, kuma ya kafa wata al'ada: duk abincin da aka kawo masa, lomar farko ta kyanwa ce, sai ta ci sannan ya kai hannu baki. Daga baya ciwon ƙaba ya matsa masa, aka kai shi asibiti a birni, aka shaƙa masa banju, maganin nan da ke sa mutum barci a yi masa aiki bai sani ba. Bai tashi ba. Kwanansa ne ya ƙare, amma Iya ba ta taɓa yafe wa banju ba. Ta gaji kyanwar, ta gaji al'adar, ta kuma ƙara mata tsanani. Ko biki aka je sai ta ƙullo lomar farko a ganye ta kawo gida.

Ita kuwa kyanwar, Allah Ya sani, ba ta da wani abin a zo a gani. Tun tana ƙarama jininta ba ƙarfi. Iska in ta kaɗa sai mura, ido kullum da kwantsa, ƙaya in ta soke ta sai ta yi wata tana ɗingishi kafin wurin ya kame. Ɓeraye ma sun raina ta. Na taɓa ganin ɓera ya bi ta gabanta da zangarniyar gero, ta kawar da kai kamar mai jin kunyar suruki.

Wata Alhamis da kaka na iso, babata ta tare ni tun a ƙofar tsakar gida ta ce kyanwar Iya ta daina cin abinci, yau kwana goma sha. Na ce to Allah Ya ba ta lafiya, ina ruwan wanka? Ta ce ba ka gane ba. Kyanwa ba ta karɓi loma ba, Iya ma ba ta ci ba. Kunu kawai take kurɓa, shi ma don an ce mata kunu ba shi da loma.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na shiga ɗakinta ko takalmi ban gama cirewa ba.

"Iya, wace irin rigima ce wannan? Za ki kashe kanki saboda dabba?"

"Sannu da zuwa, Maigida. Gaisuwar da Bature ya koya maka ke nan?"

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na sake tambaya. Ta ce ita ba ta rantse ba, ba ta yi bakance ba, hannunta ne kawai ba ya zuwa baki. Amana ce aka bar mata, ba za ta zauna tana tauna amana na kallonta ba.

Na ɗauko kyanwar na buɗe bakinta. Warin da ya fito sai da na juya kai. Datti ya daskare a haƙoran kamar ƙanzo a gindin tukunya, dasashin ya yi jajir ya kumbura, ko'ina ka taɓa sai jini. Yunwa tana ji, taunar ce ba ta iyawa. A hannun Iya kuma na ga sawun farce har gwiwar hannu. Ashe ta gwada yi mata asawaki da gawayi.

"Kai ba likita ba ne?" in ji ta.

"Na shanu."

"Wanda ya iya kayar da bijimi, kyanwa za ta gagare shi? Ko dai wandon ne kawai aka ba ka?"

Ran Asabar na koma wurin aiki, na yi ta zagaye Bature kamar kaza mai neman wurin ƙwai, don kunya nake ji in ce masa kyanwa. Ashe matarsa na da su har uku, a kan kujera ma suke kwana. Ya ajiye abin da yake yi ya saurare ni fiye da yadda ya taɓa saurarona a kan maganar shanu. Hausarsa a karkace take, mace ya ce shi, namiji ya ce ita, amma na gane bayaninsa. Ya ce dole a kankare dattin, kuma kyanwa ba ta yarda a kankare mata haƙori ido biyu, sai an sa ta barci. Ya ce in an kankare, ƙazantar bakin takan shiga jini. Lafiyayyar kyanwa jikinta zai yaƙe ta, wannan kuwa ba ta da mayaƙa a jiki, saboda haka sai an yi mata allurar fensilin tun kwana ɗaya kafin aiki, a ci gaba kwanaki bayansa. Ya ce in auna nauyinta tukuna don kada in yi mata allurar maraƙi. Banju kuwa ɗigo ɗigo, ina kallon numfashinta, don mai rauni kaɗan ke isarta, kaɗan kuma ke wuce da ita.

Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada shi ci abinci da safe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam an riga an kiyaye."

Abu na ƙarshe da ya maimaita har sau uku shi ne wuta. Ya ce wannan ruwan banju da wuta ba sa ga maciji, ko garwashi ne a kusa, tururinsa zai jawo wutar ta cinye gidan. Ya ba ni kwalba, da ƙaramin sirinji, da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ya kuma ba ni hutun mako.

Na gaya wa Iya sai an yi banju. Ta ce, "Irin na Malam?" Kakana take nufi. Na ce irinsa. Ta ce a'a. Na ce to shi ke nan, kyanwa ta mutu da yunwa, ke ki bi ta, ni in huta da matar da ba ta jin magana. Maganar ta fito da zafi fiye da yadda na so. Ta dube ni, ta dubi kyanwar da ke lasar ruwa da gefen baki, ta ce, "In ta tafi a hannunka, kai za ka ƙirga gashinta a lahira, ni ba ruwana." Haka ake cewa a garinmu, wai wanda ya kashe kyanwa sai ya ƙirga gashin jikinta ɗaya bayan ɗaya. Na dubi kyanwar na gode wa Allah da rabin gashin ya riga ya zube.

Sikeli ɗaya ne a yankin, na mai sayen gyaɗa a gindin ɗorawa. Iya ta ce ba mai fita mata da kyanwa sai da ita, saboda haka muka tafi tare, tana rungume da ita cikin mayafi. Muka tarar da layin jakuna da buhuna. Mai sikeli ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce a ɗora. Aka ɗora kyanwa. Sikeli ko motsi. Ya bubbuga shi, ya matsa ƙarfen, shiru.

"Wannan sikelin ba ya ganin ƙaramin abu," in ji shi.

Iya ta ce, "Ikon Allah. Shekara nawa ina kawo maka gyaɗa, ashe a kowane buhu akwai kyanwa guda da ba ka gani."

Masu jakuna suka kwashe da dariya, shi kuwa ya daina tasa. Sai na tuna dabarar da Bature ya faɗa: a auna mutum riƙe da dabba, a sake auna shi shi kaɗai, abin da ya ragu shi ne nauyin dabbar. Iya ta hau da kyanwa, ta miƙo mini ita ta sake hawa. Kyanwa laba huɗu da ɗan ɗori. Wannan na rubuta. Abin da ban rubuta ba shi ne na Iya. Mai sikeli ya dubi ƙarfensa ya dube ni, ya rage murya ya ce tsohuwar nan da kaɗan ta ɗara rabin buhun gyaɗa. Matar da ta goye ni, ta goyi babana. A nan tsoro ya kama ni sosai, na daina ganin abin a matsayin rigimar tsufa.

Da yamma na yi wa kyanwa allurar farko, ta saka mini da farce a babban yatsa. Na tara mutanen gida na kafa doka: gobe daga asuba ba a hura wuta, ba a ɗebo garwashi daga maƙwabta, ba mai kunna taba, sai na ce an gama. Ƙarafana zan tafasa su tun yau in rufe. Babata ta ce to kokon yara fa? Na ce su ci rogon jiya. Matar kawuna ta ce tunda ba wuta ita ma ba ta ga amfanin daka ba, ta kifa turmi.

Abin da ban lissafa ba, ni mai ilimin Bature, shi ne maƙwabta. A garinmu gidan da gari ya waye bai yi hayaƙi ba, ba a ji tabarya ba, gida ɗaya ne: gidan da aka yi rasuwa. Kuma kowa ya ga Iya jiya a wurin sikeli, ya ga yadda ta koma.

Hantsi ya ɗaga na shimfiɗa farin ƙyalle a kan faifai a inuwar rumbu, wurin da iska ke ratsawa. Na huda gindin gwangwanin madara na cusa auduga, na naɗe kyanwa a tsumma, kawuna ya riƙe, na kifa mata gwangwanin a fuska na fara ɗigawa. Ta yi fafutuka, ta yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, sannan jikinta ya saki. Harshe ya leƙo waje. Iya na zaune a kan tabarma dab da mu, carbi a hannu amma ba ta ja.

Na buɗe bakin na fara kankara. Dattin na ɓallewa ɓaro ɓaro, ina sharewa da auduga da ruwan gishiri. Haƙorin turmi ɗaya ya riga ya ruɓe, ina taɓa shi ya biyo ni. Ido ɗaya a baki, ido ɗaya a haƙarƙarinta ina kallon yana hawa yana sauka. In ta motsa kunne in ƙara ɗigo ɗaya, in ƙirga a zuci, in janye gwangwani. Gumi har cikin idona.

A can waje kuwa, babana na zaune a zaure, shi mutum ne da magana ke yi wa tsada. Maƙwabcinmu ya yi sallama a hankali ya ce, "Malam, yaya mai jiki?"

Babana ya zaci kyanwa ake nufi, don a gidan kwana goma sha ba mai jiki sai ita. Ya ce, "An shimfiɗe ta. Yaron na kanta."

"Allahu akbar. Da yaushe?"

"Yanzu da hantsin nan. Ta ɗan yi fama, daga baya jiki ya saki."

"Allah Ya sa ta huta."

"Amin. Ai mu ma ma huta."

Maƙwabcin ya ce daga baya wannan amsa ta ba shi mamaki, amma ya ɗauka zafin rashi ne. Kafin a jima zaure ya cika, an aika wa liman, samari biyu sun saɓi fartanya sun nufi maƙabarta su fara haƙa tun rana ba ta yi zafi ba. Babana na ta amsa gaisuwa yana mamakin yadda kyanwar nan ke da jama'a.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai da mata suka fara shigowa da kwanukan abinci a ka, suna salati ƙasa ƙasa. Ta gabansu, wata tsohuwa ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ta zagayo rumbu tana sharar hawaye, ta yi ido biyu da Iya a zaune. Kwanon ya faɗi.

Iya ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ke."

"To ba a gaya mini ba. Zauna, ki yi shiru, ana aiki."

Ta zauna kuwa. Sauran ma suka zazzauna, don wanda ya zo gaisuwar mutuwa ba ya juyawa haka nan. Na gama haƙorin ƙarshe mata sun fi ashirin a bayana, liman na tsaye a bakin danga yana leƙe, yana tambayar kawuna ko wannan warin mai hawa kai ya halatta a shaƙa.

Na ajiye gwangwani nesa, na toshe kwalba, na goge bakin, na kwantar da ita a gefenta na rufa mata tsumma. Na ce an gama, yanzu za ta tashi.

Ba ta tashi ba.

Inuwar rumbu ta matsa, muka matsa da faifan. Numfashin na nan amma siriri, sai ka kafa ido za ka gan shi. Na murza mata ƙafa, na hura mata kunne, na ja harshen gefe yadda aka koya mini. Wata daga cikin matan ta ce a hankali ai ramin da aka fara haƙa ba zai tafi a banza ba, wata ta zungure ta. Ni kuwa ina durƙushe ina tunanin buhun gyaɗa. Na san in kyanwar nan ta wuce, ba sauran mai karɓar lomar farko, kuma ni na kawo kwalbar da hannuna.

Iya ta matso ta sunkuya, ta kai bakinta kunnen kyanwar. Ni kaɗai na ji abin da ta ce.

"In can kika nufa, ki gaishe shi. Ki ce ban ci ba sai da na ba ki."

Ban san tsawon lokacin da muka ƙara ba. Sai jelar ta motsa. Sai atishawa. Ta buɗe ido ɗaya, ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa ta miƙe tana tangaɗi kamar wadda ta kwana a gidan giya, ta taka uku ta dulmiya ƙafa cikin miyar da ta zube. Mata suka saki guɗa, liman ya ce tunda an taru kada a tashi haka nan, ya yi addu'a aka shafa. Aka aika a dawo da masu haƙa. Abincin gaisuwa kuwa masu kawo shi suka cinye abinsu, yaran gidanmu da suka karya da rogo suka taya su. Iya ba ta ci ba.

Abin da ta ce kawai, tana kallon kyanwar, shi ne, "Ashe ana tashi."

Kwana biyu ina allura safe safe, ina ɗura mata madara da ruwan nama da cokali, tana karɓa tana harara ta. Kumburin ya fara sauka, warin ya ragu. Loma dai ba ta karɓa ba, Iya na nan a kan kununta. Garin kuwa ya samu abin yi. Duk inda Iya ta leƙa sai a ce mata yaya kwanan kabari, ni kuma aka raɗa mini sunan da na faɗa muku.

Rana ta uku ƙawar nan tata ta aiko da tuwon dawa mai laushi da miyar kuka da man shanu, ta ce a ce wa mamaciya ga sadakar uku. Iya ta wanke hannu, ta buɗe kwano, ta gutsuri loma ta dangwali miya ta ajiye a ƙasa, yadda take yi kullum ko da ta san ba za a ci ba. Kyanwa ta zo ta sansana. Ta lasa. Ta karkata kai gefen da ban cire haƙori ba, ta tauna, ta haɗiye, ta ɗago tana neman ƙari.

Babata ta shige madafa wai hayaƙi ya shiga idonta. Iya ta yi bisimilla ta kai hannu baki, ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu. Na zauna a gabanta ina kallon maƙogwaronta kamar yadda na kalli haƙarƙarin kyanwa, ban ji kunya ba.

"Maigida, ka zuba mini ido kamar ka kawo cefanen."

"Ina duba ko in mayar da ke ne, tunda kin fara cin abinci."

Ba ta rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ci gaba da ci har ta sauke rabin malmala, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Na ga bakinka na motsi ranar nan, lokacin da kake ɗiga abin. Me kake karantawa?"

Na ce ba karatu ba ne, ɗigon nake ƙirgawa, kada ya yi mata yawa.

Ta gyaɗa kai, ta shafa bayan kyanwar da hannun hagu.

"Ka makara da girma," in ji ta. "Da ma kai ka riƙe wa Malam kwalbar."

Ta tura mini kwanon gabana ta ce in sa hannu, tuwon zai huce.